Rasuwar 'Yar Toka, Na'urar Gem ɗin Mai Agogo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni matar Mai Agogo, wadda 'yan layinmu suke kira Gwaggo Rediyo a bayan idona suna zaton ban sani ba, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar na'urar gem ɗin gidanmu, wadda muke kira 'Yar Toka. Ta rasu da hantsi a falonmu, a kan ɗan teburinta da ke ƙarƙashin talabijin, bayan wata gajeriyar jinya da ba ta kai tsawon atishawa ba. Ina wurin, maigidana yana wurin, surukata ma tana wurin, kuma zan zo kan maganarta.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, musamman yaran yanzu da suke buga gem a waya suna lanƙwashe wuya kamar masu neman allura, ita irin ta dā ce. Akwati ce mai launin toka, tana da baki a sama inda ake cusa mata kaset, da waya ɗaya zuwa talabijin, da wata zuwa bango, da hannu mai maɓallai da mai wasa yake riƙewa. Tsufa ya sa launinta ya koma ruwan haƙorin mai shan shayi, amma sunan bai canza ba.

Shekarunta ban san adadinsu ba, kamar yadda ban san nawa ba. Abin da na sani, ta shigo gidan nan lokacin da Auta, ɗanmu na ƙarshe, yake famfara, yau kuwa Auta ya yi sanƙo, har yana da 'ya'yan da suke raina shi. Ubansa ne ya shigo da ita a naɗe cikin jarida daga wurin 'yan gwanjo, ya ce wai don yaro ya saya. Yaro bai taɓa samun hannun ba sai uban ya tafi shago. Shagon gyaran agogon ma a wannan shekarar ya koyi rufewa da wuri, saboda wani ciwon kai da yake kama maigidan kullum da yamma, wanda ba ya sauka sai ya zauna a gaban talabijin.

Kaset-kaset sun shigo gidan nan da yawa, amma guda ɗaya Mai Agogo ya riƙe. Wasan wani ɗan mutum ne mai tsani a kafaɗa, yana bin titi yana kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya, karnuka suna bin sa, kwatami yana gabansa. In ya yi tsalle a kan lokaci ya wuce, in ya makara ya faɗa. Da an kunna, marigayiya takan fara da waƙarta, tin-tirin, tin-tirin, ton, ton. In ɗan mutumin ya yi tsalle ta ce fiyu. In ya kunna fitila ta ce ƙiling. In ya faɗa kwatami sai ta ja wani dogon wiiiw, ta rufe da ɗum, kamar an yar da tukunya a rijiya. Waɗannan su ne dukan maganganun da ta yi a duniya, kuma ba ta taɓa ɓata wa kowa rai da su ba.

Marigayiya mai haƙuri ce. Ba ta taɓa neman kati ba, ba ta taɓa cewa babu sabis ba, ba ta taɓa tsayawa tsakiyar aiki ta ce sai an sabunta ta ba. Wuta kaɗan take ci. An zuba mata shayi ta yafe, an ja wayarta da ƙafa ta faɗo ƙasa ta tashi ta ci gaba. Iyakar shagwaɓarta, wani lokaci in an sa kaset sai ta nuna zane-zane kamar atamfar da ta zuba, to sai an zare kaset ɗin an hura masa iska an mayar. Duk gidan nan an gwada, hurin kowa ba ya ci sai nawa. Maigidan yakan ce ai dole, bakin da ba ya hutawa ya fi kowane ƙarfi. Daga baya Auta ya karanto cewa hurin ba ya gyara komai, tsatsa ma yake jawowa. Na ce masa ya je ya gaya wa marigayiya, ita dai ta san wanda take ji. Aibinta ɗaya da zan iya faɗa, shekara da shekaru tana zaune a falo, ta ji duk abin da aka faɗa a gidan nan, ba ta taɓa tsegunta mini ko kalma ba. Irin wannan zurfin ciki ban ga amfaninsa ba, amma na yafe mata.

Da yara suka girma, aka naɗe ta a tsohon zani aka ɗora saman wadirof, ta daɗe a can ba ta yi ƙorafi ba. Abin da ya sauko da ita shi ne dalilin wannan sanarwa, don kada wani ya ce tsohuwa ta zare tana makokin roba.

Mai Agogo ya kamu da ciwon mantuwa. Da farko dariya muke yi, don makulli ake tsinta a firij, tabarau a cikin takalmi. Daga baya dariyar ta ƙare. Sunayen 'ya'yansa suka zube ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na kawo masa ruwan wanka, mutumin da na haifa wa 'ya'ya shida ya dube ni da ladabi, ya ce, "Sannu, baiwar Allah, wa kike nema?" Bayan wannan ma sai maganar ta ɗauke gaba ɗaya. Ya zauna a kujera, ido a bango, abinci sai an yi dambe, magani sai an ɓoye. Likita ya ce a riƙa nuna masa tsofaffin abubuwan da ya sani. Na fito da hotunan aurenmu, ya kalle su kamar takardar maƙwabta. Na kawo masa kayan aikinsa na shago, ya juya su ya ajiye.

Auta ne ya hau kujera ya sauko da 'Yar Toka. Ya jona ta da tsohon talabijin ɗinmu mai ƙeya, na hura kaset, aka danna. Tin-tirin, tin-tirin, ton, ton. Kan maigidan ya juyo. Auta ya saka masa hannun a tafi, babban yatsansa ya je kan maɓalli shi kaɗai, ba wanda ya nuna masa. Ya tsallake kwatami, ya tsere wa kare, ya kunna fitilun titin farko kaf. Sannan ya waiwayo ya dube ni, irin duban da na sani, ya ce, "Ke, kin gani?"

Wannan "ke" ɗin tawa ce. Ba baiwar Allah ba ce, ba baƙuwa ba ce, ita ce wadda yake kira na da ita tun ina amarya in na cika gishiri. Daga ranar, kullum bayan karin kumallo sai a kunna, ya kunna fitilunsa, ya waiwayo ya tambaye ni ko na gani, in ce na gani. A wannan ɗan tsakanin yake shan magani ba gardama, ya ci abin da na miƙa, wani lokaci har ya kama mini wuyan hannu ya duba agogona ya girgiza kai. In an kashe, a hankali yake komawa inda ya fito. Amma kullum ina da miji na ɗan lokaci, kuma marigayiya ce take kawo mini shi ta mayar.

Yanzu bari in faɗi ciwon ajali. Auta ya ce tsohuwar na'ura ba ta da tabbas, bari ya nemo wata a ajiye saboda tsaro. Ya nemo ɗaya, ta zo ba irinta ba. Ya nemo ta biyu don ya gane bambancin. Daga nan abin ya zama cuta. Ya shiga wani zaure a waya na maza masu furfura da ba su da hira sai ta tsofaffin gem, wane ya samo kaza, kaset kaza yana shiga kaza ba ya shiga kaza. Gidansa ya cika, har matarsa ta ce ko su ko ita, shi ya sa aka kwaso su aka jibge mana a ɗakin da 'yan matanmu suka tashi. Kowacce da adaftarta, wato baƙin dunƙulen da ake sawa a bango ya ba ta wuta. Abin takaicin, bakin adaftocin nan iri ɗaya ne, kowacce tana shiga ramin kowacce lafiya lau, amma wutar cikinsu daban take. Wata ta fi ƙarfi, wata kuma a juye take turo ta. Auta ya san haka, shi ya sa ya liƙa wa kowacce filasta ya rubuta ta wace ce.

Ba zan kama suna ba, don ni ba mai haɗa husuma ba ce. Zan dai ce akwai wata doguwa, mai tsafta, mai son mu tsakani da Allah, da take auren ɗana na ƙarshe. Ta zo taya ni shara. Ta ga wayoyi a cukurkuɗe, filasta ta yi baƙi ta yi danƙo, ƙura ta manne. Ranta bai so ba. Ta zauna ta ɓare filastar nan ɗaya bayan ɗaya, ta goge kowace adafta har tana ƙyalli, ta naɗe wayoyin ta jera a kwando gwanin sha'awa. Ta zare ta 'Yar Toka ma ta goge ta sa a cikinsu. Ni kaina na yaba, na ce gidan bai taɓa yin kyau haka ba.

Washegari bayan karin kumallo, ina zaune ina hura kaset, sai na ga Mai Agogo ya dafa kujera ya miƙe. Ya je ya duba bayan na'urar, ya ga ba waya. Ya taka zuwa kwandon, ya tsuguna, ya zaɓi adafta ɗaya, ya warware ta a natse kamar yadda yake yi a shago. Jama'a, mutumin nan ya daɗe bai ɗauki ko cokali don kansa ba. Murna ta kama ni, na ƙwala wa surukata kira ta fito daga kicin ta gani. Muka tsaya mu biyu muna murmushi kamar an yi mana haihuwa. Ya sa a bango, ya sa a bayanta, ya karɓi kaset daga hannuna ya cusa, ya danna.

Fas. Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Jan idonta, 'yar fitilar da ke nuna an kunna ta, ya ƙifta sau ɗaya, wani siririn hayaƙi ya fito ta ƙeya, falo ya ɗauki ƙaurin gashin da ya taɓa wuta. Maigidan ya koma kujerarsa, ya ɗauki hannun, ya zuba wa talabijin ido yana jiran waƙa.

Tun da nake ban taɓa samun labarin da ba shi da mai laifi ba sai wannan. Na juya shi ta kowane gefe. In ce surukata, tsafta ta yi, kuma ta yi kuka har idonta ya kumbura, yanzu ko tsumma ta gani sai ta kau da kai. In ce Auta, don ubansa ya fara tarin. In ce maigidan, abin kirki ɗaya da ya yi da hannunsa ke nan a bana. Maƙwabciyata mai kitso ta leƙo ta katanga ta tambaye ni wa ya yi, na buɗe baki na rasa wanda zan ba ta. Ta ce lallai ba ni da lafiya.

An kai ta wurin mai gyara, ya buɗe cikinta a gabanmu. Ya cire wani ɗan abu da ya ƙone ya sa sabo, jan idon ya dawo, har na fara godiya. Amma talabijin fari fat, ba waƙa ba ɗan mutum. Ya ce wutar ta wuce ta dafa ƙwaƙwalwar, kuma masu yin irin wannan ƙwaƙwalwa sun daina tun kafin ya koyi sana'a. Ya mayar da kusoshinta, ya miƙo mana ita da hannu biyu.

Marigayiya ta rasu ta bar hannu biyu, ɗaya maɓallinsa ya lotsa daidai yatsan Mai Agogo. Ta bar talabijin mai ƙeya, abokin zamanta, wanda yanzu ba ya nuna komai sai yayyafi. Ta bar kaset ɗin mai tsani, maraya, lafiyarsa ƙalau amma ba shi da inda zai shiga. Ta kuma bar dangi cike da ɗaki, kuma a wannan rashi ne muka san halin kowa, don Auta ya fito da su ɗaya bayan ɗaya ya gwada.

Akwai babbar yayarta, baƙa mai katako a goshi. Bakinta ƙarami ne, kaset ɗin ko kai bai shiga ba. Auta ya ce zamaninsu ba ɗaya ba ne, ba ta san wannan yaren ba. Akwai wata 'yar ja da fari, wai gidansu ɗaya da marigayiya, amma haƙoran bakinta ba su kai na kaset ɗinmu yawa ba, sai an sa wani ɗan tsakani a haɗa su. An sa, ta karɓa, hoton ya fito yana birgima sama kamar ana jan guga, kuma ba launi. Akwai wata mai girman kai da kaset ya shige ta daidai, amma ashe akwai ɗan sanda a cikinta da yake tambayar kaset daga wane yanki ya fito. Da ta ji ba ɗan yankinsu ba ne, sai ta tsaya tana ƙifta ido, ta kunna ta kashe, ta kunna ta kashe, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya zo biki ba gayyata. Akwai kuma wata marar nauyi mai sheƙi, da take cewa ita ma dangi ce, amma ba wanda ya san ubanta. Ita kowane kaset aka kawo karɓa take yi, ba ta tambaya. Ta yi waƙar da wata murya kamar agwagwa mai mura, ɗan mutumin ya fito kore shar, tsaninsa ya ɓace. Maigidan ko kallo bai yi ba.

Jikokina suka ce a sa masa a kwamfuta mana, ai wasan yana nan. Auta ya sa. Waƙa daidai, launi daidai. Amma ya ce tsakanin dannawa da tsalle akwai wani ɗan jinkiri da ido ba ya gani, yatsa ne kawai yake ji. Yatsan ya ji. Ɗan mutumin ya yi ta zubewa a kwatami har muka kashe.

Wadda muka sa wa rai ita ce abokiyar tagwaicinta. Kamarsu ɗaya har launin tsufan, in aka jera su ni ma sai na duba tabon shayi nake ganewa. Kaset ya shiga, hoto ya fito tas, waƙa ta tashi. Kan Mai Agogo ya juyo, na dafe ƙirji. Ya karɓi hannun. Ya zo kwatamin farko, wanda ko da ido a rufe yake tsallakewa, wiiiw, ɗum. Ya sake, wiiiw, ɗum. Ya sake. Sannan ya sunkuyar da kai yana saurare, irin yadda yake kara agogon mutane a kunne, ya ajiye hannun a cinya, ya juya fuska bango. Auta ya zauna a ƙasa ya riƙe sanƙonsa. Ya ce ya san za a yi haka, ya dai yi fata ne. Wai ita wannan an yi ta ne don ƙasashen da talabijin ɗinsu yake bugawa da sauri, saboda haka komai nata yana ɗan gaggawa, waƙar da karnukan da kwatamin duka. Ni kunnena bai kama bambancin ba. Amma maigidan ba da ido yake tsalle ba, da waƙar yake yi, kuma waƙar da ke cikin yatsansa mai tafiya a hankali ce. Na ce to a ciro ƙwaƙwalwar wannan a dasa wa tamu. Auta ya ce, Inna, saurin ai a cikin ƙwaƙwalwar yake.

A nan dole in ambaci wani bawan Allah na zauren su Auta, wanda suke kira Mai Kwali. Yana da irin tamu sak, mai tafiya a hankali, sabuwa dal, ba a taɓa buɗe kwalinta ba tun daga kanti. Auta ya roƙe shi a waya bai samu ba, na ce a kai ni. Ya karɓe mu da mutunci, ya ba mu ruwa, ya kai mu ɗakin da yake ajiye su a bayan gilashi, da fanka tana yi musu fifita. Ɗakin ya fi na kwanansa kyau, kuma na ji an ce dalilin tafiyar matarsa ke nan, amma ni ban gani ba, mai kitso ce ta faɗa. Na gaya masa komai, har "kin gani" ɗin, abin da ban taɓa gaya wa namiji ba. Idonsa ya kawo ruwa. Ya ce ranar da aka yanka ledar kwalin nan, ranar ta tashi daga abin da take ta koma tsohuwar na'ura kawai, kuma bayan wannan daɗewa ba shi da tabbacin za ta ma farka. Na ce wadda ba ta taɓa waƙa ba me take da shi da za ta rasa? Ya ce in yi haƙuri. Ya raka mu har bakin titi. Na so ya yi mini rashin kunya in samu abin faɗa, bai yi ba.

Auta bai daina nema ba. An aiko masa da ɗaya daga nesa, aka buɗe aka tarar rigar mai a hankali ce, cikin kuwa na mai sauri, wanda ya sayar ma bai sani ba. Wata ta iso a mace. Yanzu wai akwai wata a hanya. Ni dai na ga hanya ba ta gaggawa, ciwon maigidan kuwa yana yi. Tun ranar hayaƙin nan bai waiwayo ba. Abinci ya koma dambe. Wandonsa ya fara yi masa yawa. Bayan karin kumallo yakan dubi teburin, ya dubi talabijin, ya jira, sannan ya mayar da ido bango, ni kuma ina zaune a gefe da kofin magani kamar mai jiran mota a hanyar da aka rufe.

Shekaranjiya abin ya ishe ni. Na ɗauki hannun marigayiya, wanda wayarsa ba ta jone da komai, na saka masa a tafi. Na ja kujera na zauna a gaban talabijin ɗin, na share murya, ni da ko a bikin 'ya'yana ban yi waƙa ba. Na ce tin-tirin, tin-tirin, ton, ton. Ban ga komai ba. Na sake. Sai na ga yatsan ya motsa. Na ci gaba, in ya danna in ce fiyu, in na ga ya kai wurin fitila in ce ƙiling. Can ya ɗaure fuska, ya ɗago kai ya dube ni, duban nan dai, ya ce, "Ke, kin yi sauri."

Uwata ta faɗa mini wannan magana, malamar ajin manya ta faɗa, duk layin nan ba wanda bai ce bakina ya cika sauri ba, ban taɓa jin daɗinta ba sai ranar. Na ce to, to, bari in rage. Na rage. Kafin in samo daidai ya riga ya koma. Jiya na gwada, yatsan ya motsa kaɗan, bai yi magana ba. Yau ma haka. Kuma ga wata matsala, waƙar titin farko kaɗai na iya. Duk shekarun nan in ya shiga titi na biyu, lokacin ne nake ba shi labarin unguwa, waƙar tana yi ina yi. Auta ya kunna mini ita a waya in koya, amma kan tsohuwa kamar rariya yake, in na kama farko sai ƙarshe ya zube.

Game da jana'iza, iyalai sun tsayar da haka. Ba za a yi mata wanka ba, Auta ya ce ruwa bai dace da ita ba ko a mace, kuma an roƙi surukata ta zo hannu sake. Na tambayi mai ilimi ko ana yi wa na'ura addu'a, ya ce in mayar da addu'ar kan mai rai, to ku taya ni da wannan. Bakinta da maɓallanta Auta ya so ya cire ya raba wa danginta mabuƙata, na hana. Ba za a binne ta ba, ba za a ba 'yan gwangwani ba. Za ta ci gaba da kwanciya a kan teburinta, don in maigidan ya duba ya ga wurin wayam ban san abin da zan ce masa ba.

Ana karɓar gaisuwa a falonmu kullum daga azahar. Kada a kawo mana gem na waya, an gode, mun gwada. Duk wanda yake da irin marigayiya a saman wadirof ko ƙarƙashin gado, mai launin toka, mai tafiya a hankali, ya taho da ita tare da adaftarta ta asali, kuma kada ya goge komai. Duk wanda ya buga wasan mai tsani yana yaro, kuma waƙar titi na biyu tana bakinsa, ya zo ya zauna da ni ya yi ta maimaitawa, akwai shayi. Mai Kwali, an ajiye maka kujera a gaba, kusa da Mai Agogo, inda za ka gan shi da kyau. Mai kitso, labarin da kika fara ba ni na gidan mai famfo ki riƙe mini shi, kada ki ba kowa, zan zo in karɓa in na samu kaina.

Wanda kuma ya yi sammako ya iso bayan karin kumallo, ya tsaya a waje kada ya ƙwanƙwasa. In ya ji wata murya daga ciki tana tin-tirin, tana tsayawa, tana sake farawa, ba kuka ba ne kuma ba marigayiya ce ta tashi ba. Ni ce nake koyon yi a hankali, ko zai sake waiwayowa ya tambaye ni in na gani.